Daga Zunguru Zuwa Shagon Kwalliya: Yadda Ado Ya Koma Abin Saye

Da wuya mata su taru a gidan biki ko gidan suna a 'yan shekarun nan su watse ba a taɓo tsadar kwalliya ba. Kuɗin kitso ya hau, mai lalle ta ƙara farashi, man shafawar da aka saba da shi ya fi ƙarfin aljihu, musamman tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur darajar naira kuma ta zube. Shawarar da aka fi ba juna ita ce inda za a samu mai sauƙi: wane layi a kasuwa, wane kamfani, wane irin gwanjo. Shawara ce mai amfani, sai dai ta tsaya a kan kaya, alhali tarihin adon matan Hausa yana nuna cewa tushen matsalar ya wuce nan. Abin da ya sa talaka ta iya fita fes a zamanin da shi ne aikin adon ba sayensa ake yi ba. Hannayen gida ne ke yin sa, ilminsa kuma yana yawo tsakanin uwa da 'ya, gwaggo da amarya, ƙawa da ƙawa. Tsadar da muke kuka da ita ta fara ne tun ranar da wannan aiki ya bar tsakar gida ya koma shago.

Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya zauna a Kano a 1824, ya kuma rubuta abin da ya gani na adon mata. Ya ce suna rina gashi da gira da hannuwa da ƙafafu da shuni, maza da mata kuma suna rina haƙora da leɓe da fure. Abin lura shi ne yadda ya bayyana haɗa shunin. Tsohuwar riga ake yayyagawa a sake rina ta, a haƙa rami a jiƙa shi, a binne tsummokaran cikin kashin tumaki, a bar su kwanaki har su ruɓe, sannan a tono a shanya. Mace ta dama kaɗan da ruwa, ta riƙe madubi a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan, ta zana abinta. Wato kayan kwalliyar da ake ji da shi a birni mafi arziki a ƙasar Hausa, birnin Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, daga rigar da ta mutu da abin da ake sharewa a turke ya fito. Sauran kayan ma haka suke. Sabulun salo toka ce da mai. Man kaɗanya daga daji yake, man shanu daga ruga. Karkashi na wanke kai, garin magarya na wanka, katambiri na zanen fuska, asuwaki na baki, dutse na goge kaushi. Lalle kuwa shuka ne da ake dasawa a bayan gida ko a gefen gona.

Amma kaya su kaɗai ba su isa ba, kuma a nan ne zancen yake. A dubi ƙunshi yadda ake yin sa tun asali. A daka busasshen ganyen lalle, a tankaɗe, a kwaɓa, a bar shi ya tsima. A lulluɓe tafin ƙafa da shi, a naɗe da ganye, a ɗaure da tsumma. Hannu kuma a zura shi cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da ake fafewa don wannan aiki kaɗai. Macen da ƙafafunta biyu ke ɗaure, hannunta na cikin zunguru, ba ta daka, ba ta tuƙa tuwo, ba ta goya yaro, har tsawon wuni ko dare guda. Dole akwai wadda ta ɗaure mata, da wadda ta karɓi girkinta, da wadda za ta lallashi ɗanta. Kitso ma haka: ba a yi wa kai shuku ko doka mai kyau, sai an kwantar da kai a cinyar wata. Saboda haka jan ƙafar da ake gani a jikin mace shaida ce cewa tana da mutane. A cikin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ana ganin yadda ƙawance yake da ƙa'ida da nauyi, yadda ƙawaye da dangi mata ke ɗaukar hidimar amarya tun daga sa lalle har kai ta ɗaki, da yadda biki yake bashi ne da ake biya idan na wata ya zo. Ladan ƙunshi shi ne ke ma ki ƙunsa wa wata gobe.

Mai ƙorafi zai ce wannan begen jiya ne kawai, domin ko a da ɗin akwai mai shi da marar shi, kuma kasuwa ba ta taɓa rabuwa da ado ba. Gaskiya ne, bai kamata a ɓoye ba. Murjani da tsakiya da mundayen azurfa da alharini da turaren da ayari ke kawowa daga Tarabulus ba na kowa ba ne. Kwalli ma saye ake yi, fatake ke ɗauko dutsensa daga ma'adinan kwarin Binuwai, irin su Zurak da Arufu, a niƙa a zuba a tandu. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci: a manyan gidaje na ƙarni na 19, hutun da uwargida ke samu ta zauna da ƙunshi sau da yawa kuyangi ne suka biya shi da guminsu. Duk da haka bambancin yana nan a inda aka ja layi. Abin da kuɗi ke saye a lokacin ƙari ne a kan ado, ba shi ne adon ba. Matar manomi ba ta da murjani, amma tsafta da kitso da lalle da ƙamshi, waɗanda su ne ma'aunin mace mai kula da kanta, ba su fi ƙarfinta ba, tandu ɗaya na kwalli kuma yana daɗewa ƙwarai. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa wuri dubu 50 zuwa dubu 60 sun ishi iyali guda su rayu cikin rufin asiri shekara guda, har da tufafinsu. A irin wannan lissafi, abin da ado ke ci bai taka kara ya karya ba.

Layin ya fara matsawa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Gyaɗa ta kawo tsabar kuɗi hannun manoma, kantunan Turawa da na Kwara suka kawo abin da za a kashe su a kai. Kamfanin Lever Brothers ya kafu a Najeriya a 1923 yana sayar da sabulu, kamfanin PZ ya shiga yin sabulu a Aba a 1948. Turaren Bintu Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya haɗa a 1920, ya samu gindin zama har ya kai ana yin sa a Kano, ya zama ba a haɗa kayan amarya babu shi. Basilin da hoda da jan baki na kanti suka biyo baya. Ba wanda zai yi musun cewa waɗannan kaya sun kawo sauƙi, sabulun kanti ya fi kumfa, ba ya kuma buƙatar a wuni ana tace toka. Amma ƙofar da suka bi suka shiga gidaje ita ce ta sauya komai, wato lefe. A da, kwando ne na kaba da 'yan zannuwa a ciki. Da ya koma akwati, daga baya jerin akwatuna har da wanda aka ware wa kayan shafa kaɗai, sai ado ya zama abin ƙirgawa a gaban jama'a. Mata su zauna a buɗe, a ɗaga kwalba a duba sunan kamfani. Ƙunshin da gwaggo ta yi ba ya shiga akwati, ba a kuma iya sa masa farashi, don haka a hankali ya daina shiga lissafin daraja.

Ba baƙuntar kaya ce illar ba, kuma hanyar gabas ta isa hujja. Dilka da halawa da humra da zaman hayaƙin turare al'adu ne da suka yi ƙarfi a Sudan da Chadi da Borno, ƙasashen da alhazan ƙafa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsawa, inda har yau akwai Hausawa masu yawa, ciki har da garin Mai Wurno da aka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Matan Hausa sun karɓi waɗannan abubuwa hannu bibbiyu, suka iya su. Halawa sukari ne da lemon tsami. Turaren wuta itace ne irin su sandal da hawi da gajiji, a jiƙa da turare a soya da sukari. Muddin ana haɗa su a gida, sun shiga cikin tsohon tsarin ba tare da sun fasa shi ba. Sai da gyaran jiki ya zama kwangilar kwanaki da ake biya dunƙule kafin biki, sannan ya koma wani nauyi a wuyan iyayen amarya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ba duk abin gargajiya ne ke da lafiya ba. Kwalli na dutse ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ne ake sa masa, wanda kashi 82.6 cikin ɗari na cikinsa dalma ce. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba, kuma sanya wa jarirai kwallin dutse abu ne da ya kamata a bari, komai daɗewarsa. Sai dai a yi adalci wajen awo. Baƙin lallen da ke ƙona fatar wasu mata har ta yi ƙuraje ba ganyen lalle ba ne, sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, kuma kasuwa ce ta kawo shi don a samu zane cikin minti kaɗan. Man bilicin ya fi kowanne ɓarna. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa cikin mayukan nan na ɗauke da zaiba ko magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, kuma haɗin da ake sayarwa a roba ba suna, wanda marasa ƙarfi suka fi saye saboda araha, shi ne ba wanda ya san abin da ke ciki. Neman sauƙi a cikin kasuwa kaɗai yakan kai talaka ga mafi haɗari. Uwar da ta kwaɓa wa 'yarta lalle da kurkur aƙalla ta san abin da ta zuba.

Saura masu cewa ai komawar ado shago ta samar wa dubban mata sana'a, wanda haka ne, kuma ba mai hankalin da zai so a rufe wa mai lalle ko mai kitso hanyar abincinta. Sana'ar mata ba sabuwa ba ce. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a 1969 irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu ta hannun yara 'yan talla, kuma makitsiya ta unguwa ta daɗe tana karɓar ɗan abin hasafi. Amma kuɗin wancan ciniki a unguwa suke juyawa, daga mai ƙuli-ƙuli zuwa makitsiya, daga makitsiya zuwa adashi. Mai shagon kwalliya ta yau kuwa, babban kason abin da ta karɓa yana tafiya ne wajen haya da man janareta da kayan shafan da aka shigo da su da dala. Ita ma tsadar tana cin ta. Gidan da ya raya tsohon tsarin ma ya canja. Babban gida mai sassa da yawa, inda ba a rasa hannun da zai karɓi girki, ya ba da wuri ga ɗaki biyu da falo a gidan haya, inda amarya ba ta san maƙwabciyarta ba, ga makaranta ga wurin aiki. Wannan ci gaba ne ta fuskoki da yawa, ba kuma za a koma baya ba. Amma ranar jajibirin sallah, a unguwanni da ƙauyuka da dama, har yanzu 'yan mata na zama su yi wa juna lalle da kitso ba ko sisi, abin da ke nuna cewa ilmin bai mutu ba, lokaci da kusanci ne suka yi ƙaranci.

Kayan ma suna nan, sai dai hanyar da suke bi kafin su dawo hannunmu ta yi tsawo. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗanya, jihar Neja kuma na cikin manyan wuraren da ake tsintarsa, aikin da mata ne ke yin mafi yawansa da damina. An daɗe ana kwashe shi ɗanye zuwa waje, a sarrafa shi a can, wani kaso ya dawo cikin kwalbar man shafawa mai tsada da sunansa a rubuce a jiki don jan hankalin mai saye. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a ƙarfafa sarrafa shi a gida. Ko matakin zai amfani matar da ke tsinta da wadda ke shafawa, ya dogara ne ga ko za a taimaka wa ƙungiyoyin mata na karkara da injin niƙa da hanyar samun rajistar NAFDAC, yadda man da suka tace zai shiga kanti da akwatin lefe da tambarin da ke tabbatar da tsaftarsa.