Fuskar Fata a Dandamalin Italiya: Martani ga Hukuncin Goldoni

Akwai hukuncin da ake yawan yankewa a kan wasan kwaikwayon da ake yi da fuskar aro, a azuzuwan nazarin wasa da kuma a bakin masu sharhi, ba tare da an tsaya kafa masa hujja ba. Wai da zarar ɗan wasa ya rufe fuskarsa ya zubar da rabin sana'arsa, tunda fushi da murna da kunya duk a fuska ake karanta su. Maganar ta tsufa. Wanda ya fi kowa tsara ta shi ne Carlo Goldoni (1707-1793), marubucin wasan kwaikwayo na Venis, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito da Faransanci a 1787. Saboda haka da shi za mu yi, domin in hujja ta faɗi a hannun gwaninta, to ta faɗi.

Tarihin commedia dell'arte, wato wasan barkwancin ƙwararru na Italiya, an rubuta shi yadda ya kamata (Duchartre, 1924, Nicoll, 1963), ba sai an maimaita ba. Abu biyu kawai muke bukata. Na farko, tun bayan yarjejeniyar da wasu 'yan wasa suka ƙulla a Padua a 1545, sana'ar ta tsaya ne a kan taurari sanannu: Pantalone tsohon attajiri marowaci, Dottore mai ilimin fatar baki, da barori irin su Arlecchino da Brighella. Na biyu, fuskar da suke sawa ta fata ce, kuma rabi ce. Ba ta rufe baki da haɓa.

Hujjar Goldoni, in aka taƙaita ta da adalci, ita ce fuskar aro ba ta motsi. Ko ɗan wasa na cikin bege ko yana cikin fushi, abin da ɗan kallo ke gani bai sauya ba, kuma a ganinsa hannu da murya ba za su taɓa maye gurbin abin da fuska ke bayyanawa daga zuci ba. Ya ƙara da cewa Girkawa da Rumawa suna da uzuri, domin filayen wasansu manya ne, amma zamaninsa yana neman ɗan wasa mai nuna abin da ke ransa. Kuma bai tsaya ga faɗa ba. Ya riƙa rubuta wasanninsa kalma da kalma maimakon barin 'yan wasa su ƙago magana nan take, ya riƙa rage wa masu fuskar fata matsayi, har abin ya jawo masa gaba da takwaransa marubuci Carlo Gozzi.

Inda nake ganin ya kuskure shi ne a ainihin kalmar farko, cewa fuskar ba ta sauyawa. Wannan gaskiya ne idan tana rataye a bango. A kan ɗan wasa kuwa, ƙarƙashin fitila, lamarin daban yake. Fuskar da aka ƙera da kyau tana da tudu da kwari: ƙashin gira mai tasowa, kunci mai zurfi, hanci mai jefa inuwa. Ɗan wasa ya sunkuyar da kai kaɗan, inuwar gira ta rufe idanu, sai a ga mugunta ko damuwa. Ya ɗaga haɓa, haske ya cika ramin ido, sai a ga mamaki ko wauta. Bakinsa na ainihi yana nan a buɗe yana kammala abin da saman ya fara. Abin da ya faru, a ganina, shi ne aikin da tsokar fuska ke yi ya koma ga wuya da kafaɗa da ƙugu da ƙafa, inda mutumin da ke layin ƙarshe zai iya ganinsa, alhali ɗage girar ɗan wasa marar fuskar aro ba ta isa wurinsa.

Wannan ba zato ba ne kawai, domin an gwada shi, kuma a kan wasan Goldoni kansa. A 1947 Giorgio Strehler ya shirya wasan nan na baran da ke yi wa iyayen gida biyu hidima, wanda Goldoni ya tsara tun 1745 don ɗan wasa Antonio Sacchi, a gidan wasan Piccolo Teatro da ke Milan. A lokacin sana'ar ƙera fuskar fata ta riga ta mutu a Italiya. Abin da aka samu na kwali ne, yana cizon fuska, yana toshe gani, gumi yana jiƙa shi. Marcello Moretti, wanda ya fito a Arlecchino, ya ƙi sawa, ya riƙa zana baƙar fuska a kan tasa da fenti. Wato Moretti ya fara ne a ɓangaren Goldoni. Sai da Amleto Sartori (1915-1962), mai sassaƙa daga Padua, wanda tun 1948 yake aiki da Jacques Lecoq da Gianfranco De Bosio a dandamalin jami'ar garin, ya duƙufa ya gano yadda magabata ke sarrafa fatar, ya ƙera wa Moretti fuska mai kama da ta kyanwa, sannan ya karɓa. Bai sake ajiye ta ba har rasuwarsa a 1961, kuma Arlecchinon da duniya ta san shi da shi na bayan karɓar ne.

A nan mai bin Goldoni zai iya ja da baya zuwa wata hujjar, wadda ta fi yawo a yau: to an yarda fuskar aro tana aiki, amma me ya kawo fata a ciki? Ɗan kallo daga nesa ba zai bambanta fata da roba ba, kuma robar ta fi araha. Amsar ita ce fatar ba don ɗan kallo aka zaɓe ta da farko ba, don mai sawa ne, kuma labarin Moretti shi ne shaida. Yadda gidan Sartori ke aiki ya nuna dalili. Ana fara siffanta fuskar da yumɓu, a ɗauki zubinta, sannan a sassaƙa ta a itace. A jiƙa fatar shanu da aka jeme da sinadarin itatuwa, a shimfiɗa ta a kan sassaƙar, a kafe gefenta da ƙananan ƙusoshi, a yi ta danna ta da sanda mai santsi ana bugunta da gudumar ƙaho har ta shiga kowane lungu. In ta bushe a cire, a naɗe bakinta, a huda idanu da hanci. Duk wanda ya san aikin majema da dukawan ƙasar Hausa ya san dalilin zaɓen irin wannan jima: fatar da aka jeme da bagaruwa tana karɓar siffa in ta jiƙe, ta riƙe ta in ta bushe. Irin wannan fuska ba ta da nauyi, tana shan gumi, kuma da ɗumin jiki da yawan sawa tana bin ƙirar fuskar mai ita. Robar da aka zuba a ma'auni ɗaya don kowa ba ta yin haka, kuma ɗan wasan da abin fuskarsa ke zamewa yana tsalle da tuntsura gudi-gudi, hankalinsa ba ya kan wasa. Nan ne ɗan kallo ke ganin bambancin, ko da bai san daga ina ya fito ba.

Sai dai dole a taƙaita iƙirarin zuwa iyakar abin da hujja ta ɗauka. Shaidar Moretti ta ƙarni na 20 ce, kuma fuskokin Sartori farfaɗowa ce daga tsofaffin samfura da zane-zane, ba gado ba ne da ya bi hannu da hannu tun 1545. Ba za a kafa hujja da su a ce haka kowane ɗan wasan zamanin Goldoni yake yi ba. Mai yiwuwa abin da ya gani a Venis sana'a ce da ta gaji, ana maimaita tsofaffin dabaru. Haka kuma commedia ita kanta ta ba shi gaskiya ta wani gefe, domin masoya a cikinta ba su rufe fuska, kuma 'yar wasa Isabella Andreini (1562-1604) da fuskarta ta yi suna. Mace irin Mirandolina ta wasan Goldoni mai suna La locandiera (1753), wadda dabararta ke ɓoye a kallo da murmushi, ba a yi ta don fuskar fata ba, kuma da Goldoni bai yi gyaransa ba da ba a same ta ba.

Abin da nake tsayawa a kai ya fi haka ƙanƙanta, amma ba na jin zai girgiza. Ga taurarin da aka gina a kan ɗabi'a guda mai ƙarfi, yunwa ko rowa ko tsoro ko fankama, fuskar fata tana tilasta wa ɗan wasa ya yi magana da dukkan jikinsa, kuma hakan ƙari ne ga sana'arsa. Shi ya sa Lecoq, da ya buɗe makarantarsa a Faris a 1956, ya sa fuskar fatar da Sartori ya ƙera masa, wadda ba ta nuna kowane hali, a tushen horon ɗalibansa, har da waɗanda ba za su taɓa fitowa dandamali da fuskar aro ba. Ferruccio Soleri, wanda ya gaji Moretti, ya shafe sama da shekara 50 yana fitowa a Arlecchino da fuskar fata. Kirana ga malaman wasan kwaikwayo da masu sharhi shi ne kada su yanke wa fuskar aro hukunci daga hoto ko daga akwatin gidan tarihi. Su nemi ganinta a kan ɗan wasan da ya horu da ita, sannan su rubuta.