Daga Wayar Birki zuwa Fender: Kayan Kiɗan Mdou Moctar da Zangonsa na Sakkwato

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar ya shiga wani sitidiyo a Sakkwato, ya naɗi waƙoƙi cikin harshen Tamashek. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar, kuma yau jaridun kiɗa na Amurka da Turai suna lissafa shi cikin gwanayen jitar lantarki na wannan zamani. Abin da mai karatu a Kano ya kamata ya lura da shi shi ne, kundinsa na farko, Anar, da kayan aikin mawaƙan finafinan Hausa aka haɗa shi: gangar inji da manhajar tace murya. Tarihin kayan kiɗan wannan mutum ya ratsa ta ƙofar gidanmu, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka ga wucewarsa.

Jitarsa ta farko shi ya ƙera ta da hannunsa. Ya tashi a gidan da ake ƙyamar kiɗa saboda addini, don haka babu mai saya masa, ko da akwai kuɗin. Bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, jigon makaɗan jita na Abzinawan Nijar wanda ya rasu a 2020, sai ya nemo katako, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita, ya haɗa da guntayen ƙarfe daga gwangwanin kifi. Ba shi ya fara ba. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Mali ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara. Mu kuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya zagaya duniya. Duk wanda ya yi yaranta a ƙauyukan Gwarzo da Kabo ya san yadda yaro ke mai da gwangwani da waya abin kaɗawa. Inda hanya ta rabu shi ne, Ɗanmaraya ya riƙe kuntigi har kabari, Mdou kuwa tun farko wani abu yake kwaikwayo wanda hannunsa bai kai gare shi ba.

Abin nan da yake hange, jita, ba baƙuwar banza ba ce a Abzin. Samarin da fari na shekarun 1970 da 1980 ya kora zuwa Aljeriya da Libiya su suka dawo da ita, suka ɗora mata waƙoƙin kewar gida da na gwagwarmaya, ana kwafar kaset hannu da hannu. Lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, hukuma na kallon irin waɗannan kaset da idon zargi. Da rikici ya sake tashi a 2007, an kashe biyu daga cikin makaɗan Bombino na Agadas, shi kuma ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Saurayin da ya rataya jita a wancan yanki ya san abin da ya rataya.

To me ya kai shi Sakkwato? Kayan aiki. Tun bayan Turmin Danya a 1990, harkar finafinan Hausa ta haifar da ɗakunan naɗar waƙa masu araha a biranen Arewa, inda fiyano ɗaya, galibi ƙirar Yamaha, ke maye gurbin makaɗa goma. Daga baya kwamfuta ta shigo da Auto-Tune, manhajar da kamfanin Antares ya fitar a 1997. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, kuma nufinsa a gyara wa mawaƙi ɗan kaucewar murya ba tare da kowa ya ji ba. Idan aka matsa ta har ƙarshe, sai murya ta riƙa tsalle daga wannan gaɓa zuwa waccan kamar ta inji. Abin da Turawa suka ɗauka ado na lokaci-lokaci, tun waƙar Cher ta 1998, sitidiyoyinmu sun mai da shi tuwon yau da kullum. Haka Anar ya fito: jita irin ta Abzin a ƙasa, gangar inji a tsakiya, murya mai sheƙi irin ta fim ɗin Hausa a sama.

Ba wani kamfani da ya buga kundin a lokacin. Wayar salula ce ta yi aikin dillali. Ta Bluetooth da katin mamori waƙoƙin suka bi direbobi da fatake har arewacin Mali, sau da yawa ba ko sunan mai su. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya tsinci waƙar Tahoultine, ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011, sannan ya shiga cigiyar mawaƙin. Da ya same shi, tsarabar da ya kai masa jitar Fender ce ta bahago.

Mdou bahago ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce ga makaɗin jita. Ana ƙera jita ne don na-dama, ta bahago kuwa ko a manyan shagunan Turai kaɗan ce, balle a kasuwar Agadas. Jimi Hendrix, bahagon da ya fi kowa suna a kiɗan rok, juya ta na-dama yake yi ya sake jera tsirkiyoyin. Samfurin da Hendrix ya shahara da shi, Stratocaster, shi ne kuma Mdou ya riƙe. Leo Fender ya fito da shi a 1954 a Kalifoniya. Gangar jikinsa katako ne tilo, ba rami a ciki, saboda haka idan ba a jona shi da lantarki ba, da ƙyar na kusa zai ji shi. Sirrin yana ƙarƙashin tsirkiyoyi shida: jeri uku na maganaɗisu, kowanne an naɗe shi da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a saman maganaɗisun, sai ƙaramin lantarki ya taso a cikin naɗin, waya ta kai shi amfilifaya, ita kuma ta kumbura shi ta tura wa lasifika.

Daga nan ne abin da ake kira sautin rok ke fitowa. Idan aka ɗora wa amfilifaya fiye da ƙarfinta, amo sai ya dusashe ya yi gurnani. Injiniyoyin farko aibi suka ɗauke shi, makaɗa suka mai da shi ado, har aka ƙera ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa don a samar da shi da gangan. A ganina kunnen mutumin Sahel bai taɓa buƙatar a koya masa son wannan gurnani ba. Makaɗan garaya da na molo sun daɗe suna liƙa ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandar abin kiɗansu don amon ya riƙa kaɗawa da ƙara, ba sa son shi tas. Sannan filin da Mdou ya gogu a cikinsa bikin aure ne a sarari, da janareto da ƴar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe don na bayan taro ya ji. Ko bai nemi gurnani ba, kayan za su ba shi.

Hannunsa ma bai bar gida ba. Ba ya amfani da ɗan robar da makaɗan Turai ke kaɗa tsirkiya da shi. Da yatsa yake kiɗa, kamar mai molo, babbar tsirkiya na riƙe amo ɗaya a ƙasa, ƙanana na zuba a sama. Daga baya ya ga bidiyon Eddie Van Halen ya ɗauki salon ƙwanƙwasa tsirkiya a wuyan jita, ya sarrafa shi yadda ya ga dama. Masu kiransa Hendrix na Sahara suna yi masa kirari ne da rigar wani. Gudun kiɗansa daga takamba ya fito, kiɗan rawar Abzinawa da Songhai.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina kan Purple Rain na Prince. Ilana ya fito a 2019 da cikakkiyar ƙungiya, sai Afrique Victime a 2021 a kamfanin Matador, sai Funeral for Justice a 2024, tare da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kauri. Waƙoƙin sun ƙara zafi kan Faransa da yuraniyom ɗin Arlit, wanda ake haƙa tun farkon shekarun 1970 alhali yawancin ƙauyukan Nijar na kwana a duhu. Mutumin da sana'arsa ta dogara da wutar lantarki yana da hurumin yin wannan ƙorafi.

A nan ne kwatancin ke da ɗaci. Shi ya ɗanɗani sitidiyon Hausa sau ɗaya, ya koma ga tsirkiya da makaɗa masu rai. Mu muka zauna wa fiyano da kwamfuta. Ba laifin na'ura ba ne, domin ita ta ba talaka damar naɗar waƙa, ita ce ma ta fitar da Mdou. Amma kalangun da ke cikin fiyano hoton kalangu ne, ba ya amsa wa mawaƙi kamar yadda makaɗan Shata ke amsa masa, kuma matashin da zai zauna shekara goma yana koyon gurmi ko kukuma yana fuskantar raini iri ɗaya da wanda Mdou ya fuskanta a gidansu, ba tare da kasuwar da za ta rama masa ba.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya riski ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakokin Nijar, suka kasa komawa gida. A zaman jiran suka shiga wani sitidiyo a Brooklyn ta birnin New York, suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice, wannan karon mafi yawa da jitar katako wadda ba ta buƙatar wuta. Kundin ya fito a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice.