Daga Huhun Goro Zuwa Tulun Sanyi: Tarihin Ajiye Ƙwayoyin Tushe

Kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, babban abin da ke gaban madugu da ayarinsa shi ne yadda goron da aka saro daga dazukan Asante zai isa Kano da ransa. In goro ya bushe ya tashi daga aiki, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Don haka fatake kan shimfiɗa ganyen fita, su jera goro, su ɗaure huhu, a ɗora wa jakuna a bi ta Yendi a nufi ƙasar Hausa. In an ya da zango a kwance, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa, haka wata da watanni. Wannan matsala ta tsare abu mai rai har ya kai inda ake bukatarsa, ita ce likitoci suka shafe fiye da shekara 70 suna fama da ita a kan ƙwayoyin halittar jikin ɗan'adam.

Cikin ƙwayoyin nan akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin tushe, domin su ne ke haifar sauran. Na cikin ɓargo su ke samar da jini tun daga haihuwa har mutuwa, kuma James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da samuwarsu a birnin Toronto na Kanada a 1961. In aka dasa lafiyayyu a jikin wanda ɓargonsa ke samar da gurɓataccen jini, sai ya koma yin mai kyau. Sai dai da zarar an raba su da jiki, 'yan kwanaki kaɗan suke yi su mutu.

Sanyi kan tsayar da lalacewa, amma shi ma yana kisa. Mafi yawan ƙwayar halitta ruwa ce. In ta daskare da sauri, ƙanƙara kan tsiro a cikinta kamar allurai ta yayyage ta. In kuma ruwan da ke kewaye da ita ne ya daskare, sai ya zuƙe nata, gishiri ya yi mata yawa. An sami mafita a Landan a 1949, kuma bisa tsautsayi. Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suna gwajin daskarar da maniyyin zakara, sai aka ɗauko kwalbar da aka rikita lakabinta, ashe akwai gilisarol a ciki. Da aka narkar, sai ga ƙwayoyin suna motsi. A 1959 James Lovelock da Marcus Bishop suka nuna cewa wani sinadarin mai suna DMSO ya fi saurin ratsa ƙwaya. Da shi ake aiki har gobe: a gauraya kamar kashi 10 cikin 100, a riƙa sauke zafi kimanin digiri 1 a minti, sannan a ajiye cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Daga nan labarin ya iso ɗakin mai jego. Mu a al'adance, in an yanke cibiya sai ungozoma ta wanke mabiyiya a binne, har mutum kan kira garinsu da inda aka binne cibiyarsa. To ɗan jinin da ke saura cikin igiyar cibiya, wanda bai cika kofin shayi ba, cike yake da ƙwayoyin tushe. A 1988 aka ɗebi irin wannan jini na wata jaririya a Amurka, Hal Broxmeyer ya daskarar da shi, aka kai Faris, inda likita Eliane Gluckman ta dasa wa yayanta ɗan shekara 5 mai cutar lalacewar ɓargo, ya kuwa warke. Daga baya Broxmeyer ya narkar da jinin cibiyar da ya yi fiye da shekara 20 a daskare, ya tarar yana aiki.

Me ya haɗa mu da wannan? Sikila. Gwajin jarirai da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya soma a Kumasi a 1995 ya nuna cewa kusan jariri 1 cikin 50 a Gana da ita ake haifarsa, a Nijeriya kuwa ana ƙiyasta jarirai 150,000 kowace shekara. Tun 1984 aka ga dashen ɓargo ya raba wata yarinya da sikila a Amurka, kuma a 2011 likita Nosakhare Bazuaye ya yi irinsa na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Amma dashe sai da wanda jikinsa ya dace, ko tsakanin shaƙiƙai ma damar dacewar 1 ce cikin 4. Shi ya sa in aka haifi ƙani lafiyayye a gidan da akwai mai sikila, jinin cibiyarsa na iya zama maganin yayansa, muddin akwai inda za a adana shi har ranar aiki.

Adanawar ce ke da wuya a wajenmu. Tulun naitirojin bai damu da ɗauke wuta ba, amma ruwan cikinsa kullum ƙafewa yake, dole a riƙa ƙara masa ba fashi. DMSO kuma in ya ɗumama yana cutar da ƙwayoyin, yana kuma wahalar da majiyyaci. Nan ne masana suka koma ga dabarar huhu, wato a lulluɓe ƙwayoyin. Thomas Chang ya gabatar da wannan tunani a Montreal a 1964. A 1980 Franklin Lim da Anthony Sun suka tusa ƙwayoyin da ke samar da insulin cikin 'yan ƙananan duwatsu masu taushi kamar dafaffen sitaci, na sinadarin aljinet da ake tatsowa daga ciyawar teku, suka sa wa ɓeraye masu ciwon suga, sugansu ya daidaita na ɗan lokaci. Lulluɓin yana barin abinci da iska su shiga, yana tare sojojin jiki, a wajen daskarewa kuma yana rage ɓarnar ƙanƙara, ko da yake shi kansa yakan tsage in ba a yi a hankali ba. Wanda ya fi kusa da bukatarmu shi ne binciken Jami'ar Newcastle ta Ingila na 2016: ƙwayoyin tushe da aka ciro daga kitsen jiki aka lulluɓe da aljinet sun yi awa 72 a digiri 15, ba daskarewa, mafi yawansu da rai. Kwana 3 ya ishi mota ta taso daga Bawku ko Karaga ta isa Tamale, har ta wuce Akara.

Gaskiya ɗaya ce, yawancin aikin lulluɓi yana ɗakin bincike tukuna, ƙwayoyin kitse kuma ba su ne na jini ba. Duk wanda ya zo da kwalba ko ƙwayar magani ya ce ƙwayoyin tushe ne masu warkar da kowace cuta, a yi hattara da shi, domin abin da ba ya rayuwa sai da irin wannan tsari ba a tallarsa a tasha. Abin da ke hannunmu yau shi ne gwajin jini kafin aure da gwajin jarirai da wuri, sannan mu riƙa tambayar wakilanmu yaushe arewacin Gana zai sami rumbun ajiyar jinin cibiya na gwamnati. Allah ya ba masu sikila lafiya, ya ƙara wa iyayensu haƙuri.