Tseren Motoci a Kan Titunan Gari: Bayani ga Jama'ar Ƙasar Zuru da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'ar ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu, musamman shugabanni, hakimai, dagatai da masu unguwanni waɗanda alhakin kula da hanyoyi da tarukan jama'a ya rataya a wuyansu. Matasanmu da dama suna kallon tseren motoci a talabijin da wayoyin hannu, har wasu sukan yi sha'awar kwaikwayo. Saboda haka ya dace a san yadda wannan wasa yake, da irin shirin da ake yi kafin a bar mota ta yi gudu a tsakiyar gari.

Irin motocin da ake tseren da su

Motar wannan tsere ta bambanta da wadda muka saba gani. Kujera ɗaya ce tak a cikinta, ta matuƙi, kuma tayoyinta huɗu suna fili, jikin motar bai rufe su ba. Tana da fukafukai gaba da baya, amma aikinsu shi ne danne ta ƙasa idan iska ta bugi su, domin tayoyin su kama kwalta a kan kwana. Gudunta yakan wuce kilomita 300 a awa ɗaya. Mafi shahara a cikin gasanninta ita ce Fomula Wan, wadda aka fara gasar duniyarta a 1950. Akwai kuma Fomula E ta motoci masu aiki da lantarki, wadda aka fara a birnin Beijin na ƙasar Sin a 2014. Hukumar FIA, wadda aka kafa a 1904, ita ce mai shimfiɗa dokokin waɗannan gasanni.

Yadda titi yake zama fagen tsere

Wasu tseren a filaye na musamman ake yin su, wasu kuma a kan titunan da jama'a suke bi yau da kullum. Misali mafi daɗewa a zukatan masu kallo shi ne na Monako, a gaɓar tekun Bahar Rum, wanda aka fara a 1929. Tsawon zagayensa kilomita 3.337 ne, ana kuma zagaya shi sau 78. Ana shafe makonni ana kafa shingaye da wuraren zaman 'yan kallo kafin ranar, bayan an gama kuma a kwashe kome, titi ya koma hannun masu shi.

Shirin yakan ƙunshi abubuwa kamar haka. Ana gyara kwalta, a toshe ramuka. Ana jera shingen ƙarfe ko na kankare a gefen hanya, a ɗora ragar waya mai tsawo a kansa domin tare ɓaraguzai. Ana like murafan magudanan ruwa, domin iskar da ke bi ta ƙarƙashin motar tana iya ɗaga su. An ga hakan a Las Begas ta Amurka a 2023, inda wani murfi ya ɓalle ya lalata motar Ferrari ta Carlos Sainz, aka dakatar da atisayen wannan lokaci. Ana kuma girke likitoci, 'yan kwana-kwana da masu ɗaga tuta a kowace kusurwa. Tuta mai ruwan ɗorawa tana nufin akwai haɗari a gaba, ja tana nufin an tsayar da tsere, mai zanen baƙi da fari kuma tana nuna an kammala.

Tseren a nahiyar Afirka

A 1958 an yi tseren Fomula Wan a kan hanyoyin Ain-Diyab kusa da Kasabalanka a Maroko. Stirling Moss ne ya ci, amma matuƙi Stuart Lewis-Evans ya rasu sakamakon ƙunar da ya samu a haɗarin da ya yi a ranar. Birnin Daban na Afirka ta Kudu ya karɓi gasar A1GP a kan titunansa daga 2006 zuwa 2008. Fomula E ta isa Marrakesh a 2016, ta kuma je Kef Tawun a watan Fabrairu na 2023. A Nijeriya kuwa ba a taɓa gudanar da Fomula Wan ko Fomula E ba.

Abin da muke da shi a gida

Abu mafi kusa da wannan a Jihar Kebbi shi ne gangamin motoci da ake haɗawa da Bikin Kamun Kifi na Argungu. Bikin ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da suka cancanci a adana a 2016. A bikin 2020 motocin sun taso ne daga Abuja zuwa Argungu, tare da hannun Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci a ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu. Sai dai wannan gangami na motoci ne na yau da kullum masu tafiya mai nisa daga gari zuwa gari, ba zagayen titi ɗaya ba. Danginsa shi ne tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere a shekarun 1980, kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Tsadar wasan

Ba kowane gari ne ya ci ribar wannan wasa ba. Birnin Balensiya na Sifen ya gudanar da tseren titi daga 2008 zuwa 2012, daga nan ya daina, aka bar wani ɓangaren hanyar ya lalace. Birnin Montiriyal na Kanada ya karɓi Fomula E a 2017, ya soke ta bayan shekara ɗaya saboda yawan kuɗin da ta ci. Rufe titi kuma yana shafar 'yan kasuwa, 'yan makaranta da masu zuwa asibiti.

Darasi ga al'ummarmu

Abin da ya sa matuƙi yake iya wannan gudu a tsakiyar gari shi ne an fitar da kowa daga hanya, an kuma sa shinge tsakaninsa da jama'a. Shi kansa yana sanye da hular kwano da tufafin da wuta ba ta saurin ci, kuma tun 2018 aka tilasta sanya wani ƙarfe mai kare kansa. Matashin da yake wasa da mota ko babur a ranar biki ko sallah ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ga yara, dabbobi da masu talla a bakin hanya. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade gudun ƙaramar mota a cikin gari a kan kilomita 50 a awa ɗaya.

Don haka muna jan hankalin jami'ai da masu shirya taro, ko na Uhola ne, ko hawan sallah, ko gangamin motoci, da su kiyaye waɗannan matakai:

1. A nemi izini a rubuce, a kuma sanar da 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun da wuri.
2. A yi shela a rediyo, kasuwanni, masallatai da majami'u game da ranar da za a rufe hanya da lokacin buɗe ta.
3. A ware wata hanya ga matafiya, a kuma bar hanyar asibiti a buɗe.
4. A nisantar da 'yan kallo daga kwana, domin a nan ne mota ta fi ƙwacewa.
5. A tanadi motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatan jinya a wurin.

Muna kira ga iyaye da su kula da makullan motocinsu da baburansu a lokutan bukukuwa, domin rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu daga haɗurra, amin.