Tarihin Yankin Falgore a Matsayin Mabuɗin Koyar da Labarin Ƙasa a Ƙananan Makarantun Sakandare

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne nuna yadda malami zai iya amfani da tarihin yankin Falgore, wato ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano, wajen koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare labarin ƙasa da al'adun duniya da sha'anin raya karkara. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu kuwa shi ne abin da muka sha gani yayin zagayen duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta. Sau da yawa yaro yakan kawo sunan kogin Nilu da na Misisifi a haddace, amma in aka tambaye shi inda kogin da ke bayan garinsu yake zuwa sai ya yi shiru.

Wannan matsala tana da asali. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiwatarwa a 1982, sun haɗe tarihi da labarin ƙasa cikin darasin nazarin zamantakewa a ƙaramar sakandare. Littattafan da aka tanada don ƙasa baki ɗaya ba su da gurbin labarin kowace gunduma, saboda haka nauyin cike giɓin ya faɗo kan malami. Za mu duba abubuwa uku da wannan yanki ya tanadar masa: hanya da kuza da ruwa.

2.0 Hanya

Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano. Baturen nan mai yawon bincike, Kilafaton, ya ratsa ta cikinsa a 1826, ya kuma bayyana shi a matsayin babban gari mai yawan jama'a. Hanyar da ta kawo ciniki ita ce kuma ta kawo yaƙi. Rundunar Kanar Molan da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a farkon Fabrairun 1903, kafin ta ci birnin Kano ran 3 ga watan.

Can kudu maso gabas kuwa, ƙasar Tudun Wadan Ɗankadai bakin iyaka ce a ƙarni na 19. Bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka kafu a duwatsun Ningi a wajajen tsakiyar ƙarnin, hare-haren Ningawa sun addabi kudancin Kano, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi. Wannan ya taimaka wajen fayyace inda mutane suka taru cikin garuruwa masu ganuwa da inda aka bar wa daji. Daga nan malami yana iya shiga batun rabon Afirka a taron Balin na 1884 zuwa 1885, domin ɗalibi ya riga ya ga ƙofar da wannan rabo ya shigo ƙasarsu. Haka kuma zaman Hausawa Musulmi da Maguzawa da Fulani makiyaya da Kurama a yanki guda ya isa misali na farko a darasin bambancin al'adu, kafin a ƙetara zuwa Indiya ko Sin.

3.0 Kuza

Duwatsun Riruwai, a ƙasar Doguwa, su ne wuri mafi tudu a Jihar Kano. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suna haƙar kuza, suna narka ta, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Ganin irin wannan kuza a hannun 'yan kasuwa shi ya sa Kamfanin Neja ya tura masu bincike neman tushenta a farkon ƙarni na 20, abin da ya kai ga buɗe ma'adinan Jos. Da kamfanonin Turawa suka karɓe harkar, sana'ar narka kuza ta gargajiya ta mutu, jikokin masu ita suka koma leburori.

A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan, ma'adinai suka durƙushe daga Kwanwal ta Ingila har Bolibiya da Malesiya, na Nijeriya ma ba su tsira ba. A nan ɗalibi zai ga da idonsa yadda shawarar da aka yanke a wata nahiya take taɓa tukunyar gidansu. Gwangwanin madara ɗaya a kan teburin malami, tare da taswirar duniya, sun isa a gina darasin cinikin ƙasa da ƙasa a kansu.

4.0 Ruwa

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma ta dajin Falgore Kogin Kano yake gangarowa. An keɓe wannan daji tun zamanin En'e da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. A ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Ruwan Tiga shi ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Dubban mutane sun tashi daga garuruwansu da gonakinsu da ruwa ya cinye. A can ƙasa kuma, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Irin wannan ciniki na riba da hasara shi aka yi a Kainji a 1968, da Akosombo ta Gana a 1965, da Aswan ta Masar a 1970, inda aka tashi Nubiyawa daga mazauninsu. Yaron da ya ji labarin tashin ƙauyensu daga bakin kakarsa ba zai sha wuyar fahimtar Aswan ba.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa a dukkan al'amuran nan uku an yanke muhimman shawarwari ne daga nesa, mutanen yankin kuwa suka ɗauki sakamakon, mai daɗi da marar daɗi. In ɗalibi bai san wannan ba, zai girma yana ɗaukar raya ƙasa a matsayin kyautar da ake jira daga gwamnati, ba tare da ya iya tambayar wa ya amfana, wa kuma ya biya ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, kwalejojin ilmi su wajabta wa kowane mai koyon malanta rubuta taƙaitaccen tarihin garin da aka tura shi. Na biyu, kowane darasi a kan wata ƙasa ya fara da misali daga gida, ɗalibai su zana taswirar garinsu da rafinsa da kasuwarsa kafin a buɗe taswirar duniya. Na uku, a tura ɗalibai su tattauna da dattawan da suka ga ginin Tiga ko suka yi aikin kuza a Riruwai, a rubuta abin da suka faɗa da Hausa, a ajiye a makaranta. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa, domin waɗanda suka yi aikin Tiga suna samari yau sun haura shekara 70.