Yadda likitoci suka gane ɓarnar dawowar jini

A ƙauyukan Adar, daga Deule zuwa Buza, Keita da Madawa, idan kububuwa ta sari manomi, abin da ake fara nema igiya ce ko robar keke. A ɗaure ƙafar tamau, a ɗora shi kan amalanke. Kafin a isa asibiti, ko da na Galmi ne da mishan suka buɗe a 1950, ƙafar ta daɗe ba jini. Ranar kwancewa ma tana da nata ta'adi, kuma likitoci kansu sun jima kafin su gane haka.

Ɗauri tsohon kayan fiɗa ne. A 1718 Jean-Louis Petit na Faransa ya ƙera maɗauri mai kusar murɗawa, a 1873 Esmarch na Jamus ya kawo na roba. Hankalin kowa yana kan rashin jini. Sai a 1941, lokacin ruwan bama-bamai a Landan, Eric Bywaters ya lura da waɗanda gini ya danne wa ƙafafu: a ciro su suna magana, bayan kwanaki ƙoda ta tsaya. Dattin naman da ya mutu ne jini ya kwaso ya kai mata.

A 1960 Robert Jennings, a Amurka, ya toshe jijiyar zuciyar karnuka sannan ya buɗe, ya ga naman da ya jikkata ya fi saurin lalacewa bayan buɗewar. A 1981 Granger da McCord suka kama mai laifin a hanjin kuliyoyi: iskar oksijin ce, wadda ake ɗokin dawowarta. Idan ta tarar da naman da ya galabaita, sai ta rikiɗe ta zama sinadarai masu ƙuna. Fararen ƙwayoyin jini su manne a bangon ƙananan jijiyoyi, bangon ya fara yoyo, gaɓa ta kumbura. Kamar ruwan sama ne a kan busasshen kwari, ya zo da albarka, ya tafi da gona.

Shi ya sa mai fiɗa yake kallon agogo idan ya ɗaure gaɓa, ba ya son ya wuce wajen awa biyu, kuma yake sa ido a kan wanda aka warware wa murɗaɗɗen hanji. Mai karatu, idan maciji ya sari naka, kada ka ɗaure tamau. In an riga an ɗaure tun safe, a bar wa likita ya kwance.