Daga Kalandar Tela Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Tsara Mana Yayin Sutura?

A yau idan mace ta kai atamfa wurin tela, a cikin garin Mubi ko nan Mugulbu, da wuya ta tsaya dogon bayani. Waya za ta ciro ta nuna hoto, ta ce irin wannan take so. Sau da yawa ita da telan ba su san mai hoton ba, amma abin da ta saka a Legas ko Abuja shi za a yanka a nan. Yana da kyau mu san yadda aka yi ikon tsara yayi ya koma hannun masu wallafa hotunan kwalliya a intanet, domin abin ya shafi aljihunmu da sana'ar 'ya'yanmu.

A da can, fada da fatake ke kawo yayi. Abin da sarki da hakimai suka saka ranar hawan sallah shi ake kwaikwayo, abin da ayari ya sauke a kasuwa shi ake saye. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a can suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A wannan shekarar ya ratsa ta Mubi a hanyarsa ta zuwa Yola. A lokacin yayi tafiyar raƙumi da jaki yake yi, riga ɗaya kuma takan yi shekaru ba ta tsufa a idon mutane ba.

Da zuwan keken ɗinki da atamfar kamfani, sai tela ya zama mai faɗa a ji. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga kuma atamfar Holan ta kamfanin Vlisco da shaddar Getzner daga Ostiriya. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙari, domin kamfanin CICAM na Kamaru, wanda aka kafa a 1965, yana da masaƙa a Garwa, atamfarsa kuma ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Manya za su tuna kalandar ɗinki da ake mannawa a bangon shago. A nan mace ke zaɓar wuya da hannu, tela ya ba ta shawarar abin da zai karɓe ta. Su ma maza suna da nasu madubin, wato manyan 'yan siyasa, shi ya sa har yau muke da hula mai sunan Zanna Bukar.

Daga nan sai finafinai suka karɓi ragama. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kafin shekara goma kaset ɗin bidiyo ya shiga kowane lungu. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa a 1999 da hotunan 'yan wasa, a kudu kuma mujallar Ovation ta Dele Momodu tana cika shafukanta da hotunan bikin masu kuɗi tun 1996. Ɗaurin ɗankwalin jaruma ko yankan rigarta kan zama abin nema a gidan biki. Duk da haka, sai furodusa ko editan mujalla ya zaɓe ka sannan duniya ta gan ka.

Intanet ce ta buɗe wannan ƙofa, kuma a ƙasashen Turawa abin ya fara. A 2005 wani Ba'amurke mai suna Scott Schuman ya buɗe shafin The Sartorialist, yana ɗaukar hoton shigar mutanen da ya gamu da su a titin New York. A 2006 Susie Lau ta fara nata a Landan, a 2008 kuma Tavi Gevinson ta fara tana 'yar shekara 11. Manyan editoci sun raina su da farko. Amma a 2009 kamfanin Dolce & Gabbana ya zaunar da irin waɗannan marubuta a sahun gaba wurin baje kolinsa a Milan ta Italiya, wurin da a da sai shugabannin mujallu. Dalilin a fili yake. Mujalla sai wata-wata take fitowa, mai shafi kuwa yana wallafawa a ranar, mabiyansa kuma suna ganinsa kamar ɗan uwansu, don haka abin da ya yaba suke saye.

A Nijeriya wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. A 2006 Uche Pedro ta kafa BellaNaija, shafin da ya mayar da hotunan biki da na anko abin kallon kullum. Da Instagram ya fito a 2010, sai ya zama ba a buƙatar iya dogon rubutu, hoto mai kyau ya wadatar. Nan ne Arewa ta shigo da ƙarfinta. Shafukan bikin Arewa suka yawaita, masu ɗinkin amare irin su Hudayya Fadoul Abacha ta Abuja suka yi suna ta wannan hanya, jarumai irin su Hadiza Gabon da Rahama Sadau suka tara miliyoyin mabiya. Yadda kuɗin ke shigowa kuwa shi ne, mai shago ya ba da kaya kyauta ko ya biya, mai shafi ta saka ta yi hoto ta ambaci sunansa, masu saye su biyo.

An samu alheri, babu musu. Matan aure da yawa suna sayar da leshi, abaya da mayafi daga ɗakinsu ta WhatsApp ba tare da kuɗin hayar shago ba. Lafaya, wadda muka sani wurin matan Barno da Shuwa, ta zama kayan ƙawa a bukukuwan Kano da Abuja. Masu lalle, masu ɗaurin kallabi da masu hoto duk sun samu abin yi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yayin da a da yake shekara biyu, yanzu wata uku ya ishe shi, biki ɗaya kuma sai a fitar da anko kala uku, har mace ta ci bashi don kada a ga gazawarta. Hoton da ake kai wa tela an gyara haskensa, an ɗinka kayan da injinan da shi ba ya da su, idan bai fito daidai ba shi ke shan faɗa. Yadin ma yawanci daga Sin yake zuwa, tunda KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta bi sahu a 2007. Ga kuma batun tarbiyya. A Nuwambar 2020 hotunan wata riga da Rahama Sadau ta wallafa sun tayar da ƙura har ta fito ta ba da haƙuri, a 2021 kuma Hisbar Kano ta hana amfani da mutum-mutumin tallan kaya a shaguna. Wannan ya nuna al'umma ba ta sakar wa waya linzami gaba ɗaya ba.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, a zamanin fada da na kalanda da na fim, mu masu karɓa ne kawai. Yanzu ne karon farko da telan Mugulbu ke riƙe da irin wayar da ta Abuja ke tallata aikinta da ita. Mubi gari ne na kasuwa da ɗalibai, ga jami'ar jiha ga kwalejin fasaha ta tarayya, ga masu saye daga Kamaru. Matasanmu masu ɗinki da aikin hula su koyi ɗaukar hoton aikinsu a wuri mai haske, su rubuta farashi na gaskiya, su cika alkawarin ranar karɓa. Mu kuma masu biki mu rage yawan anko, mu kai ɗinkinmu gida, idan ya yi kyau mu ambaci sunan wanda ya yi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.